Majalisar da Take Tofo da Rani

A shekarar 2005, wadda mutanen wannan ƙasa ta Nijar ba za su manta da ita ba saboda yunwar da ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwan shekarar da ta gabace ta, na ajiye alli bayan na ƙare wa'adina na karantarwa, na tattara iyalina na komo ƙauyenmu da ke cikin ƙasar Garagumsa, yamma da birnin Damagaram, ba nisa da mararrabar Takeita inda hanyar Matamaye ta rabu da babbar hanyar Maraɗi. Ban cika wata biyu da sauka ba sai dattawan gari, da yake sun san ina iya rubutun boko da na ajami, suka ɗora mini riƙon daftarin majalisarsu, suna cewa, "Malam, ka huta da yara, yanzu sai ka zo ka sha wahalar tsofaffi." Na ɗauka raha ce, ashe gaskiya suka faɗa.

Wanda bai taɓa kwana a ƙauyukanmu da rani ba, da wuya ya fahimci abin da ake nufi da garin tsofaffi. Da zarar an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, sai matasa su fara sulalewa cin rani, waɗansu Kano, waɗansu Legas, waɗansu Agadas har su zarce Libiya, tun daga 2014 kuma waɗansu suka riƙa bin labarin zinariyar Jado, ta yadda kafin hunturu ya yi tsakiya idan aka tayar da sallar asuba, sahu ɗaya ne, shi ma furfura ce tun daga dama har hagu. A wannan lokaci ne majalisarmu take da rai. Na kan kwatanta ta da gawo, itacen nan da ya saɓa wa 'yan'uwansa, wanda yake kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, sa'an nan ya yi tofo da rani sa'ad da kowane itace ya bushe. An ma ruwaito cewa sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

Abin da na ji daga bakin iyayenmu shi ne, a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar Birni ya kuma rasu a 1884, abin da fada take buƙata daga ƙauye bai wuce zakkar hatsi da mayaƙa da biyayya ba, sauran al'amura kuwa, kamar rabon fili ga baƙo, da sulhu tsakanin maƙwabta, da kula da rijiya, an bar su ga mai gari da liman da manyan gidaje, domin malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bai wa al'adar gari matsayi muddin ba ta saɓa wa nassi ba. Da Faransawa suka ci yaƙin Tirmini a 1899, nan kusa da mu, sai suka mayar da mai gari mai karɓar haraji da mai fitar da mutanen aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, kuma tun daga nan aka samu wata ɓaraka da ba ta gama toshewa ba har yau: mai gari ya zama fuskarsa tana duban bariki, dattawa suka riƙe abin da kumandan bai damu da shi ba, wanda shi ne mafi yawan rayuwar mutane.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 kowace gwamnati ta zo da nata tsari. Zamanin Diori Hamani aka kawo ƙungiyoyin manoma saboda cinikin gyaɗa, farin 1973 ya tafi da gyaɗar. Seyni Kountché, da ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya, ya ba sarkin samari kujera da murya, kuma in za a yi adalci, ajujuwan zana da na laka da yawa ƙarfin samariya ne ya tayar da su. Sai dai samariya ta dogara ga samari, samari kuwa ba sa nan wata bakwai a shekara. A 2004 aka zaɓi kansiloli da magajin gari, a 2011 Takeita ta zama gunduma mai nata kantoma. Duk waɗannan mun yi musu maraba, mun kuma ga iyakar tafiyarsu, wadda galibi takan tsaya inda kwalta ta tsaya.

Babbar mas'alar da take gabanmu kowace shekara, wadda in an warware ta lafiya to shekara ta yi kyau, ita ce ranar sakin gonaki. Makiyaya, Fulani da Buzaye, suna gangarowa daga arewa da kaka sa'ad da tafkuna suka fara ƙafewa, dabbobinsu na ɗokin kara da harawa, alhali kuwa manomi bai gama roron wake ba, mai dawa ma tasa ba ta bushe ba. In aka saki da wuri a yi ɓarna, in aka jinkirta dabba ta rame a bakin burtali mai ita ya fusata, kuma a tsakanin waɗannan kwanaki kaɗan ne jini yake zuba a garuruwan da ba su iya zama ba. Tun da aka kafa dokar karkara a 1993 aka kuma naɗa kwamitocin filaye, hukuma ce take sa hannu a kan ranar, amma takarda ɗaya ba za ta san cewa gonakin jigawa sun riga na fadama nuna da mako biyu ba. Saboda haka mukan aika a kira arɗo, a shimfiɗa masa tabarma kusa da liman, a bi gari shiyya shiyya ana tambayar wa ya gama wa ya saura, a sa wa gwauruwa da marar lafiya gayya don kada su riƙe jama'a, sa'an nan a yi alkawarin inda shanu za su fara kwana, domin masu gona da kansu rububin taki suke yi, har da kyautar damin gero ga wanda ya yarda ya yi zango a gonarsu. Ba a jefa ƙuri'a a wannan zama, ba kuma a tashi sai wanda ya ƙi ya gaji da ƙi. Na kan ji haushin tsawonsa a farkon zuwana, ni da na saba da ƙararrawar makaranta, kafin in lura cewa mutumin da aka bari ya faɗi duk abin da ke cikinsa ba ya zuwa da dare ya kwance shingen wani.

Sauran aikin rani sananne ne: yashe rijiya lokacin da ruwa ya ja baya da bazara, yaɓen masallaci da gyaran indararo kafin hadari, shingen maƙabarta, da zagayen gidajen da aka bar mata da yara don a san wanda rumbunsa ya kai ƙasa ba tare da an kunyata shi ba. A nan ne muka taɓa yin kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Waɗansu masu taimako sun gina mana rumbun tsimi, suka cika shi da buhuna, suka bar mana ƙa'idoji rubutattu da shugaba da ma'aji da magatakarda, wanda ni ne. Sharaɗin shi ne a sayar da rangwame da damina a sake saye da kaka. Amma ta yaya ma'aji zai ce wa ƙanen mahaifinsa sai da kuɗi hannu? Muka bayar bashi don kunya, muka rubuta don tsoron Allah, cikin shekara uku rumbu ya koma ɗakin ajiyar tabarmin makoki. Da muka sake tayar da shi da hatsin zakka da gudummawa, sai muka damƙa mabuɗin ga tsofaffin mata uku, waɗanda ba sa jin nauyin kowa, ya kuwa tsaya.

In watan bakwai na manoma ya kama, aka ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai motoci su riƙa sauke matasa a mararraba, gari ya cika da hayaniya, kowa ya ɗauki sungumi, majalisa kuma ta kaɗe ganyenta, ba ta zama sai in an yi rikicin iyakar gona ko ruwa ya ɗauke aka fita roƙo. Haka muka gada. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wayar hannu, domin yaran da a dā sukan tafi su bar mana gari da hukuncinsa, yanzu su ne suke aiko kuɗin siminti da na gyaran famfo, kuma mai aiko kuɗi yana son a ji ta bakinsa. A zaman da muka yi bara kan rufin masallaci, sai jikan mai gari ya aza waya a tsakiyar tabarma ya buɗe murya, wani ɗanmu daga Sabha ta Libiya ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya da ladabi, sa'an nan ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, mu dai kwano muke so, ba azara ba." Liman ya dube ni, ya ce in rubuta sunan yaron cikin mahalarta. Na rubuta shi a ƙasan na arɗo, na sa sunan garin da yake a gefe, kwanon kuma ya iso kafin ruwan fari.