Ajiye Waya, Zan Kira Ka: Tarihin Kiran Mayarwa a Zamanin Modem

Kafin intanet ta shiga aljihun kowa, ma'aikacin da ke son shiga kwamfutar ofis daga gida sai ya bi ta layin tarho. Na'urar modem ke mayar da bayanai sauti, wata modem ta karɓa a ɗaya ɓangaren. Illar wannan hanya ita ce duk wanda ya san lambar ya iso bakin ƙofa, kalmar sirri kaɗai ta rage masa.

An ga haka a Amurka a 1983, lokacin da wasu matasan Milwaukee da ake kira 414 suka kutsa kwamfutocin cibiyar bincike ta Los Alamos. A shekarar ne kuma fim ɗin WarGames ya nuna yaro yana sa kwamfutarsa buga lambobi bi da bi, tana neman inda modem za ta amsa.

Dabarar da ta fi burge ni cikin magungunan wannan cuta ita ce kiran mayarwa. Mutum zai kira, ya ba da sunansa da kalmar sirri. Sai kwamfutar ofis ta katse layin, ta duba lambar da aka rubuta masa tun farko, ta kira shi da kanta. Ɓarawo ko ya saci kalmar, a gidan mai ita wayar za ta yi ƙara. Ga kuma sauƙi: kuɗin kira ya koma wuyan kamfani.

A 1994 aka shigar da dabarar cikin ƙa'idar sadarwa ta PPP. Manhajar Windows NT kuwa ta ba mai kula da tsari zaɓi uku: a hana mayar da kira, ko mai kira ya faɗi lamba, ko a tsaya kan lambar da aka ajiye. Na biyu kuɗi yake ragewa. Na uku ne tsaro.

Sai dai kowane gauta ja ne. Masu kutse sun koyi karkatar da kira zuwa wani layi, wasu kuma sukan ƙi sakin layin, su kwaikwayi sautin tarho, kwamfuta ta zaci ta kira. Shi ya sa masu hattara ke mayar da kira ta wani layi daban.

A ganina darasin bai mutu da modem ba. Lambar sirrin da banki ke turo mana a waya yau jikar wannan dabara ce: kada ka gaskata baƙo da bakinsa, neme shi inda ka san yana zaune.