Rumbun Kaka da Karatun Jika a Batsari

A biranen Sin akwai gidajen da ake wa laƙabi da 4-2-1: kakanni huɗu, iyaye biyu, ɗa tilo. Dokar haihuwar ɗa guda, wadda aka bi daga 1980 zuwa ƙarshen 2015, ita ta haifar da su, har ya zama aljihu shida ke hidimar karatun yaro ɗaya. A Batsari da Safana lissafin a juye yake. Rumbu ɗaya ne, jikoki kuwa cike da tsakar gida.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, amma ba ta ɗinka yunifom, ba ta sayen takalmi da littafin rubutu, balle kuɗin Laraba na malamin allo. Wa ke biya? Wanda ya kalli aljihun uba kaɗai zai yi kuskure. Polly Hill, a littafinta na 1972 kan Batagarawa, ta nuna yadda 'ya'ya masu aure ke noma gandun mahaifinsu, shi kuma ya ɗauki manyan hidimomin gida. Gandu ya yi rauni tun lokacin, amma inda ya rage, kaka namiji ne ke yanke hukuncin sayar da buhun gero, da wanda zai tafi boko da wanda zai tafi gabas.

Kaka mace ba ta shiga wannan shawara, ita ce dai ke toshe ɓaraka. Jika ya zo da maganar kuɗin jarrabawa, ta tsokane shi: "Maigida, kai za ka ba ni na cefane, ka zo kana roƙona?" Sai ta kwance bakin zani, ko ta ɗauki adashinta, ko a ja akuyarta kasuwa.

Nan ne ta'asar 'yan bindigar dajin Rugu ta fi yi wa ilimi illa. Sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ya girgiza duniya, amma satar dabbobi ta kwashe asusun tsofaffi ba tare da an ji ba. Tsohon da ya yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari ko Katsina ya baro gona da rumbu. Ɗan da a da yake noma masa gandu yanzu shi ke ciyar da shi, daga aljihun da ake jira ya biya wa jika rajistar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma.