Daga Udoji Zuwa Zobe: Darasin Gyaran Aikin Gwamnati

Dattawanmu na Kutawa da Kurfi da Dutsin-Ma ba su manta da "kuɗin Udoji" ba. Muna 'yan makaranta a 1975 lokacin da malamanmu suka karɓi ƙarin albashi da ariyas. Aka sayi kekuna da babura da rediyo, farashin kaya kuma ya hau, manomin da bai karɓi ko kwabo ba ya ɗanɗana kuɗarsa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, ba albashi kaɗai aka ɗora wa kwamitin Cif Jerome Udoji ba, wanda Janar Gowon ya kafa a 1972. Rahotonsa na 1974 ya nemi a horar da ma'aikaci, a riƙa auna shi da abin da ya aikata, ba da daɗewarsa bisa kujera ba. Sai aka ɗauki batun kuɗi, aka jingine sauran.

Janar Murtala ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 a 1975. Gyaran 1988 na zamanin Babangida ya mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar masu sauka tare da gwamnatin da ta naɗa su, daga baya kwamitin Allison Ayida na 1994 ya ba da shawarar a warware shi. A 2004 Shugaba Obasanjo ya kafa hukumar BPSR domin sa ido kan gyare-gyaren, a 2007 kuma aka soma biyan albashi ta tsarin IPPIS don kawar da ma'aikatan bogi.

Idan muka nazarci wannan tarihi, za mu ga ba rahoto muka rasa ba, mai bin sawu muka rasa. Shaida tana ƙofar gidanmu: an kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ba garuruwa ruwan sha daga cikinta. Jaririn da aka haifa shekarar gama ta ya kusa cika arba'in.

Don haka muna kira ga 'ya'yan ƙungiyarmu da ke aikin gwamnati da su riƙe amana. Ita ma ƙungiya, duk ƙudurin da ta zartar, ta rubuta wanda zai aiwatar da shi da ranar gamawa, a karanta a taron shekara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya sa mu dace, amin.