Me Ya Sa Matsalar Na'urar Karatu Take Bin Wasu Mutane? Nazari kan Tushen Maimaituwarta

Masu amfani da na'urar karatu, irin su Kindle da Kobo da Nook, sun kasu gida biyu. Akwai wanda zai sayi guda ɗaya ya shekara bakwai ko takwas yana karatu da ita, bai taɓa kai ta wajen mai gyara ba. Akwai kuma wanda tasa kullum cikin rigima take: yau batir ya zuƙe cikin kwana biyu, gobe allo ya sandare, jibi littafi ya ƙi buɗewa. Ya sayar da ita ya sayi sabuwa, kafin wata uku matsalar ta dawo da kamanninta na da. Jama'a kan ce rashin sa'a ne, ko su ce hannun mutumin ne ba shi da kyau. Wannan nazari bai yarda da hakan ba. Idan matsala ta bi mutum daga na'ura zuwa na'ura, abin da ya kamata a bincika shi ne abin da bai canja ba a lokacin da aka canja na'urar: fayilolinsa, da cajarsa, da jakar da yake saka ta, da yanayin garinsu, da asusun da littattafansa suke ɗaure da shi.

Sai an fahimci yadda allon yake aiki kafin a gane sauran. Fasahar da ake kira E Ink ta fito ne daga ɗakin bincike na jami'ar MIT da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Joseph Jacobson, kuma an kafa kamfaninta a 1997. Sony ya fitar da na'urar Librie a Japan a 2004, Amazon ya biyo baya da Kindle a watan Nuwamba na 2007. Allon cike yake da miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace faɗinta bai wuce kaurin silin gashi ba. A cikin kowace ƙwaya akwai ruwa, da ɓarɓashin fari da na baƙi masu ɗauke da cajin lantarki mabambanta. Idan aka turo wuta, fari ya taso sama baƙi ya nutse, ko akasin haka, sai harafi ya bayyana. Da zarar ya bayyana ba ya buƙatar wuta don ya zauna. Shi ya sa batir yake daɗewa, kuma shi ya sa na'urar da ta mutu murus takan ci gaba da nuna shafin ƙarshe da aka buɗe. Mutane da yawa sukan ɗauka allon ne ya maƙale, alhali batir ne ya ƙare tun tuni.

A ƙarƙashin waɗannan ƙwayoyi, a yawancin na'urorin, akwai wani siririn gilashi mai ɗauke da layukan lantarki. Wannan gilashi ba ya jure lanƙwasa. Mutum zai duba fuskar na'urar ya ga ba tsaga ko ɗaya, amma rabin shafin ya daskare, da layuka a tsaye da a kwance, wani ɓangaren fari fat wani kuma yana nuna guntun rubutun jiya. Zai rantse bai yar da ita ba, kuma gaskiya yake faɗa. Abin da ya faru shi ne ya cusa ta cikin jaka tsakanin manyan littattafai da kan caja, ko ya sa ta a aljihun riga ya hau babur, ko ya bar ta kan katifa ya dafa ta da gwiwar hannu. Wanda al'adarsa ke nan zai fasa ta biyu da ta uku ta hanya ɗaya. Ƙungiyar Worldreader ta ga haka ƙarara lokacin da ta raba wa ɗalibai Kindle a wasu makarantun Ghana tsakanin 2010 da 2011: kusan kashi 40 cikin 100 na na'urorin sun lalace a lokacin gwajin, kuma allo ne ya fi yawan samun matsala. Yaran ba ɓarna suka yi da gangan ba. An ƙera na'urar ne da tunanin mai karatu a kan kujera a falo, sai ga ta a jakar ɗalibi mai tafiya makaranta a ƙasa.

Batun yanayi ma haka yake. Littafin jagorar Kindle ya ƙayyade cewa na'urar tana aiki daidai ne tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe aka bari a rana. Gudun ɓarɓashin da ke cikin allon yana canjawa da zafi ko sanyi, don haka rubutu yakan koɗe ko inuwar shafin baya ta riƙa bin sabon shafi. Wannan yakan wuce idan na'urar ta huce. Wanda ba ya wucewa shi ne lahanin da zafi yake yi wa batirin litiyom, domin yana tsofar da shi da wuri, wani lokaci har ya kumbura ya danno allon daga ciki. Ga kuma ƙurar hunturu. Wasu na'urori, kamar Kindle Touch da Kobo Touch da Nook Simple Touch, suna gane taɓin yatsa ne ta wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa saman allon daga gefe zuwa gefe. Idan ƙura ta taru a lungun da allo ya haɗu da firam, sai ta tare hasken, na'urar ta riƙa juya shafi da kanta ko ta ƙi jin taɓi. Tsumma mai laushi da ɗan buroshi sun isa magani, amma an sha jefar da na'ura lafiyayya saboda wannan.

A ganina, mafi girman tushen matsala mai maimaituwa shi ne fayilolin da ake lodawa, kuma shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi. Duk littafin da aka saka a Kindle, na'urar takan bi shi kalma bayan kalma a ɓoye tana gina fihirisa, domin mai karatu ya iya neman kalma daga baya. Littafi mai lafiya yakan ɗauki 'yan mintoci. Idan kuwa fayil ɗin ya samu tangarɗa, ko an sauko da shi bai kammala ba, ko an juya shi daga wani tsari zuwa wani ba bisa ƙa'ida ba, sai na'urar ta maƙale a kansa. Ta gwada ta kasa, ta sake gwadawa, dare da rana, ko da an rufe murfinta. Batirin da ya saba yin makonni sai ya ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, shafi kuma ya riƙa nauyin juyawa.

A nan ne maimaituwar take samun gindin zama. Mai na'urar zai goge komai ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ya ga ta warke, ya yi hamdala. Daga nan ya jona ta da kwamfuta ya kwafe littattafansa ɗari biyar gaba ɗaya ya zuba, har da gurɓataccen fayil ɗin nan. Washegari ciwon ya dawo. Ya ce batir ne, ya canja batir. Ya ce na'urar ce, ya sayi wata, ya sake zuba mata tarin littattafan nan dai. An bar jaki ana dukan taiki. Gano mai laifin kuwa ba wuya: a rubuta wasu haruffa marasa ma'ana a wurin neman kalma na babban shafi, na'urar za ta nuna jerin littattafan da ba ta gama yi wa fihirisa ba. Littafin da ya kwana biyu a jerin nan bai fita ba, shi za a cire. Kuma mai tarin littattafai ya riƙa lodawa kaɗan-kaɗan, na'urar tana jone da caji.

Ana kuma yawan yi wa alƙawarin kamfani gurguwar fahimta. Makonnin da Amazon yake cewa batir yana yi an lissafa su ne bisa karatun rabin awa a rana, da Wi-Fi a kashe, da hasken allo matsakaici. Mai karatun awa huɗu kullum da fitila a ƙure, a gidan da intanet yake zuwa yana ɗaukewa har na'urar ta wuni tana lalube, ba zai taɓa ganin waɗannan makonni ba, komai sabuntar na'urarsa.

Sai batun PDF, wanda ya shafi masu karatunmu kai tsaye. Tsarin EPUB da na Kindle suna barin rubutu ya daidaita da girman allo, a ƙara girman harafi ko a rage. PDF kuwa shafi ne kafaffe, yadda aka tsara shi haka zai fito. Yawancin littattafan Larabci na fiƙihu da tafsiri da nahawu da ɗalibai suke turawa juna ta WhatsApp da Telegram hotunan shafuka ne aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya aka haɗe, haka ma tsofaffin littattafan Hausa da kundayen digiri. Littafi ɗaya yakan yi nauyin da ya ninka na ƙagaggen labari sau ɗari. Allon na'urori da yawa inci 6 ne, ƙwaƙwalwar aikinta a yawancin tsofaffin samfura megabayit 256 ko 512 ce kawai, wato ƙasa da ta wayar zamani mafi araha a kasuwa yau. Idan aka ɗora mata mujalladi mai shafi 800 na hotuna, dole ta yi ta sandarewa tana kashe kanta tana kunnawa. Ɗalibin da karatunsa duka irin wannan ne, na'urar ba ta dace da shi ba tun farko. Mai babban allo ko kwamfutar hannu ce ta fi masa. Akwai kuma haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon rubutu da ke cikin na'urar ne yake ɗauke da su ba, sai mai karatu ya ga ɗan akwati a madadin harafi, ko harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Sauya salon rubutun ko saka wanda yake da haruffan yana magance wannan.

Caja ba ta buƙatar dogon bayani. Wayoyin caji masu araha da yawa ba su da silin ɗaukar bayanai, wuta kawai suke kaiwa, don haka kwamfuta ba za ta ga na'urar ba ko sau nawa aka jona. Na'urar da aka jefa a durowa wata shida batirinta ya zube ƙasa warwas takan buƙaci awanni a kan caji mai kyau, sannan a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 40, kafin ta farfaɗo.

Duk abin da ya gabata yana iya sa a zaci laifin na mai na'ura ne. Ban yarda ba, domin kaso mai tsoka na matsalar kamfanoni ne suka gina shi da hannunsu. Littafin da aka saya a shagon Amazon galibi a kulle yake da asusun mai saye, ba ya buɗewa a Kobo. Wanda aka kulle da tsarin Adobe yana da iyakar na'urori 6 da za a yi wa rijista. Kindle bai fara karɓar EPUB ta hanyar aikawa ba sai a 2022, shekara 15 bayan fitowarsa, kuma duk tsawon lokacin nan masu karatu suna ta juya fayiloli da manhajar Calibre, wanda a nan ne wasu gurɓatattun fayilolin suke samo asali. A watan Yuli na 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge littattafan George Orwell guda biyu da suka saya. A watan Maris na 2016 aka sanar da masu tsofaffin Kindle cewa duk wanda bai sabunta manhajarsa ba kafin ranar 22 ga watan zai rasa haɗuwa da shagon. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, aka mayar musu da kuɗinsu. Daga ƙarshen 2021 Kindle na farko-farko, masu dogaro da layin 3G, suka fara rasa intanet a Amurka saboda kamfanonin sadarwa sun rufe layin. A watan Fabrairu na 2025 kuma Amazon ya cire damar sauko da littafin da aka saya zuwa kwamfuta don a tura shi ta wayar USB, damar da mai raunin intanet ya fi kowa buƙata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya mayar da na'ura mai lafiya ta zama mai matsala a hannun wanda bai taɓa komai ba.

Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne mai sayen na hannu, kuma da yawa daga na'urorin da suke shigowa ƙasashenmu na hannu ne. Sun riga sun ci shekaru, batirinsu ya gaji, wasu kamfani ya daina sabunta musu manhaja, wasu tsofaffin ba sa ganin Wi-Fi mai gigahaz 5 sai mai 2.4. Wata ma an kai rahoton ɓatanta a can inda ta fito, kamfani ya toshe lambarta, ba za ta taɓa karɓar rijista ba. Idan ta lalace aka kai ta kasuwar waya, kamar Farm Centre a Kano, mai gyara zai iya ƙwarewa ƙwarai a kan waya amma allon E Ink ba kayan da ake ajiyewa a shago ba ne, kuma kuɗin odarsa yakan kusan kai kuɗin wata na'urar. Abin da ya rage masa shi ne ya yi mata filashin, wanda yake goge alamar ciwon na 'yan kwanaki ya bar sanadinsa.

Don haka mai karatun da na'urarsa ta sake kawo masa matsalar da ta kawo a baya, kada ya yi gaggawar kai hannu aljihu. Ya goge ta, ya saka littafi ɗaya tak wanda ya tabbatar da lafiyarsa, ya kashe Wi-Fi, ya canja wayar caji, ya ajiye ta a inuwa cikin murfi mai tauri, ya yi mako guda yana karatu a haka. Idan ta zauna lafiya, ya riƙa mayar da abubuwan ɗaya bayan ɗaya har ya kama wanda yake ta da rigimar. Idan kuma duk da haka ta ci gaba, to a lokacin ne ya tabbata na'urar ce, sai ya nemi wata, kuma wannan karon ya tambayi shekarar da aka ƙera ta, ya gwada yi mata rijista a gaban mai sayarwa kafin ya biya.