Hajjin Talaka a Zamanin Tafiyar Ƙasa

Kafin jirgin sama ya taƙaita nisan Makka, talakan da ya ƙudura niyyar sauke farali yakan fita da ƙafa, guzurinsa bai wuce buzu da gora ba, ya ratsa Barno da Wadai har Darfur, yana dako ko ɗinki a kowane zango domin samun na gaba. Bayan kammala madatsar ruwan Sennar da ke Sudan a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama matattarar waɗannan bayin Allah, waɗanda haƙurinsu ya cancanci yabo. Can suke tsinkar auduga, su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Wasu sukan shafe shekaru a hanya, wasu kuwa aure ya zaunar da su, zuriyarsu na Sudan har yau.