Piza: abincin talakan Napoli da ya shiga fada

Shekarun baya na yi wata biyar a birnin Torino na ƙasar Italiya, wajen wani horo na malamman makaranta. Satin farko burodi da madara na yi ta ci, don tsoron naman alade. Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta gaji da ganina haka, ta ja ni wani ɗan shago a bayan layinsu, ta ce a kawo mini margerita. Ƙullun alkama ne aka shimfiɗa, aka shafa tumatir, aka sa cuku da ganyen ɗaɗɗoya, babu nama ko ɗis. Mai gashin Bamisire ne, har muka yi sallama. Kowa aka ajiye masa faifansa guda. Da na miƙa hannu in gutsuro wa tsohuwar nawa, sai ta yi dariya ta ture hannuna.

Na ɗauka abinci ne na kaka da kakanni a duk faɗin Italiya. Ashe ba haka ba ne. Ita kanta tsohuwar ta ce sai da ta zama budurwa ta fara ɗanɗana shi, lokacin da ƴan kudu suka kwararo Torino neman aiki a masana'antar motocin Fiat, bayan yaƙin duniya na biyu. Iyayenta kallon abincin ƴan ci-rani suke yi masa.

Gidan piza na asali Napoli ne, can kudu bakin teku. Kalmar ta tsufa, an same ta cikin wata takarda ta garin Gaeta tun shekara ta 997, amma wancan waina ce marar tumatir. Tumatir daga nahiyar Amurka ya shigo Turai cikin ƙarni na 16, kuma an daɗe ana ɗari-ɗari da shi, wasu na zaton guba ne. Talakan Napoli, masu kwana da yawa ɗaki guda, ga shi ba madafa, su suka rungume shi. A titi ake sayen piza, a naɗe ta, a ci a tsaye. Har akwai wadda ake kira "ci yau, biya bayan kwana takwas". Duk wanda ya taɓa cin bashin mai ƙosai kafin albashi ya faɗo, ya san irin wannan ciniki.

Labarin da ake ba kowane baƙo shi ne na 1889. Wai sarauniya Margerita ta ziyarci Napoli tare da mijinta sarki Umberto na ɗaya, wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi mata piza mai launin tutar ƙasa: ja, fari da kore. Masu binciken tarihi na shakkar wasiƙar godiyar fada da ake nunawa, kuma an san ana haɗa tumatir da cuku tun kafin wannan ziyara. Ni dai na ga dalilin da ya sa labarin ya zauna. Shekara biyar kafin nan, a 1884, kwalara ta kashe dubban mutane a unguwannin talakan birnin, kuma ƙasar ba ta daɗe da haɗewa ba. Sarauniya ƴar arewa tana cin abincin matalautan kudu, wannan labari ne da kowane ɓangare ke da buƙatarsa.

Amma ba fada ce ta kai piza duniya ba, talauci ne. Miliyoyin ƴan kudancin Italiya sun hau jirgin ruwa zuwa Amurka, suka tafi da sana'arsu. Shagon Lombardi na birnin New York, wanda ake danganta buɗe shi da 1905, yana cikin na farko. Sai da abin ya yi suna a waje sannan na gida suka fara alfahari da shi. A 1984 masu gashin Napoli suka kafa ƙungiya mai tsare ƙa'ida: murhun itace mai zafi fiye da digiri 400, gashin kada ya wuce minti ɗaya da rabi. A 2017 UNESCO ta sa sana'ar cikin gadon al'adun duniya.

Kafin in dawo na gamu da wani yaro ɗan wajen Tawa a tashar jirgin ƙasa. Daga gonakin Fojiya yake, inda ƴan Afirka ke tsinkar tumatir da rani, ana biyan su bisa yawan akwatin da suka cika, suna kwana cikin bukkokin kwano da leda. Ya ce a gida ma tumatir ubansa ke nomawa, in kasuwa ta faɗi a yanka a shanya a rana. Na ce ya zo mu ci piza, ni zan biya. Ya ce shekararsa biyu a ƙasar, bai taɓa zama cikin shago ya ci ba. Muka shiga, aka kawo mana faifai biyu, ya naɗe rabin nasa cikin takarda don abokin kwanansa.