Algaita da Asalin Sunanta

Ƙofar Durbi ta sami sunanta daga sarautar Durbi, watau gidan Durbawa, waɗanda suka riƙi ƙasar Katsina tun kafin zamanin Korau. Wanda ya tsaya a bakinta ran Salla, in hakimi ya taso da dawakinsa, tun bai ga rawani ba zai ji algaita.

To, algaita baƙuwa ce, sunanta ma ya tona ta. Larabawan Maroko suna ce da ita algaiɗa, ta ƙetaro Sahara ta shiga fadar Barno da fadojin Hausa. A Sifen kuwa, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 zuwa 1492, akwai abin busa da suke kira gaita. Amma tasu an ɗaura mata jakar fata, a hura ta cika, a matse a hammata, don kada sauti ya yanke. Masana sun yi saɓani a kan wanda ya ari sunan daga wani. Mutanen Indiya suna da irinta, suna ce mata mashak, watau salka.

Mabushin Katsina bai nemi salka ba, kumatunsa su ne jakarsa. Yana jan iska ta hanci, kumatu na tura wadda ya tara, yatsu na yawo bisa ramuka huɗu, kirarin sarki bai tsaya ba. Wannan gwaninta a wurin uba ake koyonta, gidan da ɗa ya ƙi gado kuwa, taken sarakunan da ke cikinsa yakan bi tsohon zuwa kushewa.